Gobe zan fara: tambayoyi da amsoshi kan niyyar da ta ƙi zama aiki

Tambayoyin nan ana yawan jin su a Maraɗi, a fada wajen shan shayi, a bakin shagon tela, a makarantar dare, da wajen taron mata ranar zubi. Masu yin su mutane ne da ke son gyara rayuwarsu da gaske, shi ya sa abin yake ci musu rai. Na amsa gwargwadon abin da na sani, kuma duk inda na ga maganin yana cikin abin da muka riga muka saba da shi, na nuna shi.

Malam, kullum ina ƙulla niyya, amma sai wata ya ƙare ban yi komai ba. Lalaci ne ke damuna?

Da wuya, ɗan'uwa. Mai tura kurar ruwa tun asuba, ko matar da ke tashi ta yi daka ta hura wuta ta shirya yara zuwa lakwal, ba wanda zai kira su malalata, amma su ma suna da abin da suka shekara suna cewa za su fara. A 2002 wani mai bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila, Paschal Sheeran, ya duba nazarce-nazarcen da aka yi kan al'amuran kula da lafiya, ya ga kusan rabin waɗanda suka yi niyyar wani abu ba su aikata shi ba. Ka ga ba kai kaɗai ba ne.

Matsalar a ganina ita ce niyyar tamu ba ta da lokaci, ba ta da wuri. «Zan koma karatu» magana ce mai kyau, amma yaushe? A ina? Da wane littafi? Peter Gollwitzer, masanin halayyar ɗan'adam ɗan Jamus, ya gwada wannan a kan ɗalibai. An ce su rubuta ɗan rahoto a lokacin hutun Kirsimeti su aiko. Rabinsu an sa su faɗi ranar da za su rubuta, da lokacin, da wurin da za su zauna. Sauran an bar su da niyya kawai. Kimanin kashi 70 cikin 100 na rukunin farko sun rubuta a kan kari, na biyun kuwa kimanin kashi 30. Duk ɗalibai ne iri ɗaya, ba wanda aka ƙara wa ƙwazo. Don haka ka mayar da maganarka ta zama haka: «Idan na dawo daga sallar Asuba, kafin in sha koko, zan zauna a zaure in yi lissafi biyu.» In ka kasa faɗin ta a wannan siffa, to ba ka gama yanke shawara ba tukuna.

To ai hadisi ya ce ayyuka suna tare da niyya. Niyyar ba ta isa ba?

Hadisin gaskiya ne, shi ne ma na farko a Sahihul Bukhari. Akwai kuma wanda ya nuna cewa wanda ya yi nufin alheri bai samu aikatawa ba za a rubuta masa lada ɗaya, in ya aikata kuwa goma ko fiye. Rahamar Allah ke nan. Amma ka lura, hadisin farko yana magana ne a kan ayyuka, wato akwai aikin, ana duba abin da ke bayansa. Kuma Annabi (SAW) da kansa yana neman tsari daga gajiyawa da kasala. Bayanin hukunci na malamai ne, su za ka tambaya. Abin da ni zan iya ce maka shi ne yaronka ba zai iya karatu da niyyar da ka yi ta kai shi makaranta ba, sai ka kama hannunsa kun je.

Ni matsalata zuciyata ce ba ta so. Ba sai na jira na ji kuzari ba?

In ka jira, za ka daɗe. Kuzari yakan zo ne bayan an fara, ba kafin nan ba. Dubi tela ana saura mako biyu salla. Da safe yana buɗe shago jikinsa a mace, ya kalli tarin shadda da atamfa ya ji kamar ya koma gida. Sai ya share keke, ya ɗiga masa mai, ya zura zare, ya ce bari dai ya haɗa hannun riga ɗaya. Kafin ya ankara an kira Azahar, riga uku na rataye. Ba wani abu da ya sauya a zuciyarsa kafin ya zauna. Zaman ne ya jawo sauran.

Ka yi wa kanka alkawarin minti biyar kacal, da izinin tashi in sun cika. Sau da yawa ba za ka tashi ba. Ranar da ka tashi kuma ba ka yi asara ba, domin ka cika abin da ka ɗauka.

Wani abu kuma da ke cinye kuzari shi ne yawan mafarkin sakamako. Gabriele Oettingen ta shafe shekaru tana nazarin wannan, ta ga masu zama suna hango kansu sun riga sun ci nasara sukan rage ƙoƙari, saboda sun ɗanɗani daɗin tun kafin wahalar. Shawararta ita ce in ka hango abin da kake so, nan take ka tambayi kanka: me zai tare ni? Barci ne? Baƙi ne? Salula ce? Sai ka shirya wa wannan abin amsa.

Da me zan fara, kuma yaya girmansa?

Da abu ɗaya, ƙarami har ka ji kunyar faɗin sa. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma ban san wata ƙa'ida ta gina ɗabi'a da ta fi wannan ba.

Ɗauki tilawa. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimla 480. Mai karanta sumuni ɗaya a rana zai sauke cikin shekara ɗaya da wata huɗu. Bugun Madina shafi 604 ne. Shafi biyu bayan kowace salla, goma ke nan a yini, wata biyu an sauke. Wanda ya ce shi sai izu biyu kullum ko ba komai, yawanci ba komai ɗin yake samu. Haka ɗalibin da ke shirin BEPC ko BAC: rabin awa kullum tun daga Oktoba ya fi kwana a zaune cikin watan jarrabawa, ga zafi, ga ɗaukewar wuta, ga tsoro.

Kada ka haɗa biyar a lokaci guda. Masu cewa daga ranar Litinin za su bar taba, su fara gudu, su koma islamiyya, su riƙa ajiya, ranar Alhamis za ka same su sun saki duka.

A wane lokaci zan sa shi don kada in manta?

Ka jingina shi da abin da ba ka taɓa mantawa. A nan mu muna da gata babba: ana kiran salla sau biyar a kowace unguwa, daga Zariya har Bagalam, ko kana da agogo ko ba ka da shi. Wendy Wood, mai bincike a Amurka, ta sa mutane suna rubuta abin da suke yi kowace awa, ta ga kimanin kashi 43 cikin 100 na ayyukansu na yini suna yin su ne a wuri ɗaya, kusan kullum, hankalinsu ma yana wani waje. Wato wuri da lokaci su ke tuna wa jiki, ba tunani ba. Shi ya sa ba ka shawara da kanka kafin ka cire takalmi a ƙofar masallaci.

Bayan Asuba ya fi dacewa da abin da ke son natsuwa, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, rana ta yi tsaka ba mai iya kama komai. Bayan Isha ya dace da lissafin cinikin yini. Kuma ka ajiye kayan aikin inda ido zai faɗa kansu tun daren jiya: littafi a kan darduma, magani kusa da buta, takalmin tafiya a bakin ƙofa. Ga mata, ranakun da ba a salla ba su ɓata tsarin, tunda ladan bai fasa kira ba.

An ce kwana 21 ake yi abu ya zama jiki. Gaskiya ne?

A'a. Maganar ta samo asali ne daga wani likitan fiɗa na Amurka, Maxwell Maltz, wanda a 1960 ya rubuta cewa marasa lafiyarsa sukan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. Ba gwaji ya yi a kan ɗabi'a ba. Wadda ta gwada ita ce Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan: mutum 96, mako 12, kowa ya zaɓi abu ɗaya yana yi kullum. Matsakaicin lokacin da abin ya zama jiki kwana 66 ne, amma wani 18 ya ishe shi, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Shan ruwa bayan karin kumallo ya fi saurin kamawa a kan motsa jiki. Saboda haka in ka yi wata guda har yanzu kana jan kanka, ba abin da ya lalace.

Na yi mako biyu ina yi, sai aka yi mana rasuwa na tafi Tasawa, komai ya watse. In sake daga farko?

Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba ku haƙuri. Ba daga farko za ka sake ba, daga inda ka tsaya za ka ci gaba. A binciken Lally ɗin nan, tsallake rana ɗaya bai rage komai a saurin sabawa ba. Abin da ke kashe ɗabi'a shi ne maganar da mutum ke yi wa kansa bayan ya tsallake: «Ai dama na san ba zan iya ba.» Rayuwarmu cike take da suna, biki, zaman makoki, zazzaɓin damina, baƙo daga ƙauye. Tsarin da bai yi wa waɗannan wuri ba, ba na Maraɗi ba ne. Ka tanadi ɗan ƙaramin siffar aikin don irin ranakun nan, aya uku maimakon shafi biyu, dala biyar maimakon dala ashirin, sannan ranar da ka dawo gida ka koma cikakke.

Hajiya ce ke tambaya: ina son ajiya don in ƙara jari, amma kuɗi ba ya kwana a hannuna.

Hajiya, wannan tambayar ta fi kowace yawa, kuma amsarta tana garinmu tun tuni. Kuɗin da ke ɗaure a bakin zane na kowa ne: na yaro mai kuka, na ƙanwa da ta zo da matsala, na ankon biki. Ba rashin hankali ba ne, zumunci ne, kuma ba na son a bar shi. Amma dole wani kaso ya bar hannunki kafin buƙata ta gan shi.

Abin da adashi ke yi ke nan. Haka kuma ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara da su a jihar Maraɗi a 1991, tsarin da daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Ki duba yadda aka gina shi. Rana ɗaya ce a mako, ba ta sauyawa. Zubin ƙarami ne, wanda kowa za ta iya. Ana kiran suna a gaban jama'a, kowa na gani. A yawancin ƙungiyoyin akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, don haka ko shugaba ba ta isa ta buɗe ita kaɗai ba. In wani ya zo neman rance a gida, kina da amsar da ba ta ɓata zumunci: kuɗin yana asusu, sai ranar rabo. Duk abin da masana ke faɗi a kan lokaci tsayayye, ƙaramin mataki da idon jama'a, yana cikin akwatin nan.

Ga lissafi. Dala ashirin a rana, wato sefa 100, a shekara jaka 36 da rabi ne. Ki cire shi da cinikin farko na safe, ba da abin da ya rage da dare ba, domin da dare ba abin da ke ragewa.

Manoma ma haka. A yammacin Kenya, Esther Duflo da Michael Kremer, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, tare da Jonathan Robinson, sun ga manoma da yawa suna cewa baɗi za su sa taki, amma in shuka ta zo kuɗin ya riga ya tafi. Sai aka ba su damar biyan kuɗin takin nan da nan bayan girbi, a kawo musu har gida kyauta. Masu sa taki suka ƙaru sosai, kwatankwacin abin da aka samu da aka rage rabin farashi daga baya. Mai gyaɗa ko aya ko wake a nan ya san wannan ciwon: da kaka aljihu cike, da faɗuwar ruwan farko ana neman bashin iri. Ranar da ka sayar da amfani, a ranar za ka sayi taki ko ka ware iri ka kai inda hannunka ba ya kaiwa da sauƙi.

Abokaina na fada suna yi mini dariya in na ce zan tashi in yi karatu. In rabu da su?

Ba sai ka rabu da su ba. Fada tana da amfani, nan ake jin labarin aiki, nan ake tara wa wanda ya shiga matsala. Amma shayi uku yana cin awa uku. Ka yi abinka kafin ka je, ko ka sanar tun da wuri cewa kai bayan na biyu kake tashi. Dariyar mako ɗaya ce, daga nan su da kansu za su riƙa ce maka lokacinka ya yi. In ka samu mutum ɗaya a cikinsu da ke son abin da kake so, ku riƙa haɗuwa. Sanin cewa wani yana tsaye yana jiranka a ƙofar gida ya fi kowace ƙararrawa tayar da mutum.

Salula fa?

Kada ka yi kokawa da ita tana hannunka, za ta kayar da kai. WhatsApp da TikTok an gina su ne don su riƙe ido. Lokacin aikin, ka bar ta a wani ɗaki ko ka ba wani ya riƙe maka. Da dare kada ta kwana kusa da kanka.

Da azumi ina yin komai daidai, bayan salla sai in koma gidan jiya. Me ya sa?

Saboda da azumi ba kai kaɗai kake yi ba. Gari duka ya sauya: an tashi sahur tare, kasuwa ta sauya lokaci, ga tafsiri, ga asham, masu abinci sun rufe da rana. Da an ga watan Shawwal duk wannan sai ya janye, ya bar ka da zuciyarka. Kuskuren shi ne son riƙe duk abin da aka yi a Ramadan. Zaɓi ɗaya tun kafin salla, ka rage shi, ka ba shi lokaci da wuri a ranakun da ba azumi. Sitta Shawwal ma tana taimakawa wajen hana yankewa kwatsam. Farkon shekara, ranar Juma'a, komawa makaranta, duk lokuta ne masu kyau na farawa, an ma yi bincike an ga mutane sun fi yunƙurawa a irinsu. Sai dai kada jiran su ya zama wani sabon «gobe».

Wasu na cewa ƙwaya tana ba da ƙarfin aiki.

Ɗana, ina roƙonka, kada ka fara. Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Yana ɓoye gajiya, ba ya kawar da ita, jiki yana sabawa ya nemi ƙari, kuma yawansa yana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, yana iya kisa. Mun ga ƴan kabu-kabu da ƴan ga-ruwa da suka fara don su ƙara awa biyu na aiki, suka ƙare ba sa iya awa ɗaya sai da shi. Wanda ya riga ya shiga kada ya yanke shi kaɗai a ɓoye. Ya je likita a taimaka masa ya sauka a hankali.

Na daɗe ina yi, ban ga wani canji ba. Anya yana da amfani?

Wasu abubuwan ba a ganin su a wata uku. A farkon shekarun 1980 gonakin jihar nan sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi, itatuwan da ake dasawa kuma yawancinsu na mutuwa. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aikin gona a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƴan kurmin da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na ƙasa. Aikin da aka nemi manomi ya yi kaɗan ne: lokacin sassabe ya zaɓi rassa ƙalilan masu ƙarfi a kowane kututture ya bari, ya datse sauran, baɗi ya dawo ya sake gyarawa. Da farko an yi wa masu yi dariya, gonarsu wai ba ta da tsabta. Bayan shekara ashirin da wani abu, masu bincike da hotunan tauraron ɗan'adam suka ƙiyasta fili har hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gawon da kake gani a gonaki ta wajen Agye, da yawansu haka suka tashi.

Don ka san ko kana gaba, ka ƙirga aikin, ba sakamakon ba. Sami kalanda ko bayan littafi, duk ranar da ka yi ka ja layi. Bayan wata uku ka zauna ka duba da gaskiya. In layukan sun cika amma abin bai kai ka ko'ina ba, sauya hanya ba laifi ba ne. Wataƙila sana'ar ce ba ta da kasuwa a unguwarku, ko kana bukatar wanda ya fi ka sani ya duba maka.

Idan Allah bai ƙaddara ba fa?

Ba mai ja da ƙaddara. Amma ba ka san abin da aka rubuta maka ba sai bayan ka yi. Tirmizi ya ruwaito mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Ka ce in sha Allahu da zuciya ɗaya, ka kuma faɗi ranar da ƙarfe nawa.

Ƙanwata ta daina komai, ko wanka sai an matsa mata. Duk dabarun nan ba sa aiki a kanta.

Wannan ba maganar ɗabi'a ba ce, kuma faɗa ko gori zai ƙara mata ne kawai. In mutum ya kai mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, abin da yake so da ya daina yi masa daɗi, barci da cin abinci sun rikice, yana ganin kansa ba shi da amfani, to yana iya zama ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Yakan kama mata bayan haihuwa, a ɗauka shagwaɓa ce. Ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da bai warke sarai ba, ciwon suga da rashin isasshen abinci su ma suna kashe jiki haka. Ku yi mata addu'a, ku kuma kai ta asibiti mafi kusa a auna jininta, ku gaya wa ma'aikacin lafiya duk abin da kuka gani ba tare da ɓoye-ɓoye ba. In ta taɓa furta cewa gara ta mutu, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da magunguna da maganin ƙwari daga ɗakin, kuma a tafi da ita yau, wani babba da take jin nauyinsa ya raka ku.